Allurar Tankin Yaya Ta Kwanta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Auta ma'aikaciyar jinya, a madadin mahaifiyarta da sauran dangi, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan wasa na filin harbin fenti rasuwar tankin iskar gidansu, wanda aka fi sani da Malam Shiru. Rai ya yi halinsa da hantsi a tsakar gida, bayan doguwar jinya da ya yi ba tare da ya ɗaga wa kowa murya ba. Umma tana wurin, Auta kuma ita ce ta tallafe shi da hannu biyu har ya yi sanyi.

Ga waɗanda ba su san mamacin ba, kuma suna da yawa domin a shekarunsa na ƙarshe bai cika fita ba, baƙin tanki ne gajere mai kauri, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa tafi ba. Aikinsa a duniya guda ɗaya ne. A murɗa shi a bayan bindigar fenti, ya riƙa ba ta iska tana tofa ƙwallayen fenti, manyan mutane da gemunsu su yi ta laɓewa a bayan tsofaffin tayoyi suna ɓata wa juna riguna. A wuyansa akwai ɗan agogo mai jar allura, wadda ke nuna yawan iskar da ta rage masa. Masu cewa kayan wasan yara ne an ji su tun yana raye, ba sai sun taso har gidan makoki sun maimaita ba.

An buga watan haihuwarsa a jikinsa, can kusa da gindi, kamar yadda ake yi wa duk danginsa. Iyayensa dai ba a san su ba. Yaya ne, wan Auta, mai aikin wayarin wuta, ya shigo da shi gidan a cikin jakar kayan aiki, bayan ya saye shi na hannu a wurin wani da matarsa ta hana shi wasan. Shi ne kuma ya raɗa masa suna, wai duk gidan shi kaɗai ne ake zuba wa abu ya riƙe bai kai wa maƙwabta ba. Umma ta ce da ita yake, ta kwana biyu tana zuba masa abinci ba nama.

Marigayin mai haƙuri ne. An ja shi a cikin taɓo, an buga shi da kututture, an manta shi a bayan mota cikin rana, bai taɓa ƙorafi ba. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya tambayar ina aka wuni. Iyakar abin da aka taɓa ji daga gare shi, in an kwance shi daga bindiga ya yi 'yar atishawa, fish, in kuma an ƙwanƙwasa masa ciki da farce ya amsa, tan, shi ke nan ya koma bakin halinsa. Abin da aka fi shaidarsa da shi kuwa shi ne riƙon amana, kuma wannan halin ne ya sa gida guda ya ɗora masa nauyin da bai kamata a ɗora wa ƙarfe ba.

Auta ta san shi ne a filin wasa. Duk ranar da ta dawo daga asibiti fuska a ɗaure, ta zauna ta zuba wa bango ido, Yaya ba ya tambayar wa ya rasu a hannunsu. Sai ya jefa mata abin rufe fuska ya ce, “Tashi, Auta, mu je ki harbi Dogo zuciyarki ta yi sanyi.” Dogo abokinsa ne, mai gyaran bindigogi da tankuna a filin, wanda tsawonsa ya hana shi samun wurin ɓuya. A can Yaya ya koya mata kiransu na sirri, 'yar iska ta tsakanin haƙora, tsss, ma'ana ina nan bayanki, kar ki waiwayo, ci gaba. Ta saba da kiran har ya biyo su gida. Ko gishiri yake so a miƙo masa, da tsss yake nema.

Safiyar da Yaya zai tafi neman aiki a wata ƙasa mai nisa, jakarsa na bakin ƙofa, motar da za ta ɗauke shi na jira, sai ya jawo famfon hannu daga ƙarƙashin gado ya ce ba zai bar Malam Shiru da yunwa ba. Cika tanki da famfon hannu ba aikin rago ba ne. Ya taka gindin famfon da ƙafa biyu a tsakiyar falo, ya riƙa dannawa da duk nauyinsa, Auta na riƙe da tiyo, allura na hawa da ƙyar. Umma na ta faɗa ya jiƙa rigar tafiya da gumi. Ana ta dariya, turaren da ya fesa ya cika ɗakin, ruwan shayi na tafasa a kicin. Duk iskar da famfon ya zuƙa a wannan safiyar, daga cikin falon nan ya zuƙe ta. Da allura ta kai ƙarshe, Yaya ya ɗora tankin a saman kabad, ƙarƙashin agogon bango, ya nuna su da yatsa yana haki.

“Kar wanda ya taɓa min shi. In na dawo, ni da Auta za mu ƙarar da shi a ƙirjin Dogo.”

Ya yi waya daga hanya, ya sake yi daga wani gari da suka kasa faɗin sunansa, daga nan wayar ta daina shiga. Cikin waɗanda suka tafi tare da shi wasu sun dawo, kowa da labarinsa. Wannan ya ce ya gan shi ya shiga wata mota, wancan ya ce ya baro shi ba lafiya amma yana magana. Babu wanda ya ce ya ga gawa. Saboda haka ba a yi zaman makoki ba, ba a karɓi gaisuwa ba, kuma wata maƙwabciya da ta shigo tana share ido da bakin mayafi, Umma ta raka ta har ƙofa ta ce ta je ta nemi gidan da aka yi rasuwar.

A nan ne aikin marigayin ya canza, ba tare da an yi shawara da shi ba. Wata rana Umma tana kakkaɓe ƙura, ta lura allurar tana nan daidai inda Yaya ya bar ta. Ta kira Auta ta ce, “Kin gani? Yana nan ƙalau.” Ba ta ce wa take nufi ba, Auta ma ba ta tambaya ba. Daga ranar, kowace safiya kafin ta sa komai a bakinta, Umma za ta ɗaga dunduniya, ta goge gilashin agogon da gefen mayafi, ta karanta labarin ɗanta. In dai allura na tsaye, Yaya yana raye a wani wuri, kuma zai dawo. Abin da gidan ya rayu a kansa ke nan.

Allurar kuwa tana ɗan motsi, kamar yadda kowace allura take yi. Ranar da aka yi zafi ta ɗan ɗaga, Umma ta ce, “Yau Yayanki ya ci ya ƙoshi.” Ranar da aka wuni ana ruwa ta ɗan sunkuya, ta ce, “Allah ya sa yana da rigar sanyi.” Auta ta san dalili sarai, zafi ne ke kumbura iska, sanyi ya takure ta. Ita da ke wuni tana karanta allurar awon jini a hannun marasa lafiya, ba wanda zai koya mata abin da allura ke iya faɗa da abin da ba ta iyawa. Amma ba ta taɓa gyara wa Umma ba. Gaskiyar magana ma, ita kanta in za ta fita aiki takan saci kallon saman kabad ɗin da wutsiyar ido, in ta hango ja a sama sai ta ji ƙafarta ta yi sauƙi.

Rashin lafiyar ta bayyana ne wata rana da azahar. Auta tana guga a falo, Umma tana kishingiɗe a ɗaki, sai aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, firji ya mutu, gidan ya yi tsit. A cikin wannan shirun ne aka kira ta daga baya.

Tsss.

“Na'am, Yaya,” ta ce, kafin hankalinta ya kamo bakinta.

Ta waiwaya. Babu kowa sai labule da kujeru da takalmansa da har yanzu ba a ɗauke daga bayan ƙofa ba. Ta tsaya da dutsen guga a hannu, kiran kuwa bai yanke ba, siriri, ba ya hawa ba ya sauka, ba ya dakatawa ya ja numfashi kamar yadda mai rai zai yi. Ta bi shi da kunne har gaban kabad. Malam Shiru ne, wanda bai taɓa kiran kowa ba, ya buɗe baki.

Ta yi masa abin da take yi wa kowane mara lafiya, ta fara da neman inda ciwon yake. Ta kaɗa ruwan sabulu a kofi, ta ɗauko tsohon burushin aski na Yaya, ta bi gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa a ɗan bakin da ake cika shi ta nan, babu kumfa. Ta shafa a gindin agogo, babu. Ta shafa a kan ɗan notin kariya, wanda aka yi shi don ya fashe ya saki iska kafin tankin kansa ya fashe, shi ma lafiya lau. Ta so ƙwarai a ce ciwon yana ɗaya daga cikin waɗannan, domin a ganinta ƙananan cututtuka ne. Sai da ta zagayo wuya, inda kai ya haɗu da jiki, ta ga kumfa guda ta taso a hankali, ta kumbura, ta fashe, wata ta biyo ta. Auta ta tsinci kanta tana kallon agogon hannunta kamar mai ƙirga bugun zuciya. Allurar ta riga ta sauka kaɗan daga wurinta.

Iyalan suna godiya ga Kawu mai facin taya, ƙanin Umma, bisa zuwan da ya yi dubiya, ko da yake ba don Allah ya tsare ba, da sanarwar nan ta ƙunshi mamata biyu. Auta ta kira shi a asirce ranar da Umma ta tafi kasuwa. Ya iso da sifana da gam da 'yar kwalbar man inji, ya ce duk abin da ke riƙe iska ɗan'uwan taya ne. Ya ɗora sifana a wuyan mara lafiya zai murɗa, Auta ta cafke masa hannu. Abu biyu Yaya ya hana ta har ta haddace, ba a sa ƙarfe a murɗa tankin da ke cike, kuma man inji ba ya kusantar bakinsa, domin iska mai matsi irin wannan in ta haɗu da mai, wuta ce.

“Ke Auta, ina faci tun kina rarrafe.”

“Na sani, Kawu. Amma taya in ta fashe kunne take toshewa. Wannan hannu yake cirewa.”

Ya ji haushi, amma ya mayar da sifanar aljihu. Don kada a ce ya zo bai yi komai ba, ya yanko tsohuwar robar taya ya naɗe wuyan tam. Iskar ba ta fasa fita ba, murya kawai ta canza, ta koma fito irin na mai aiki shi kaɗai. Kawu ya saurara, fuskarsa ta sauya, domin ya san wanda yake irin wannan fiton in yana saman tsani yana haɗa waya. Ya kwance robarsa da kansa, ya fita ko ruwa bai sha ba.

Daga nan sai wurin babban likita. Bayan Umma ta gama karatunta na safe, Auta ta naɗe mara lafiya a tawul, ta sa a jakar aiki, ta kai wa Dogo. Rabonta da filin tun tafiyar Yaya. Tayoyin suna nan, fentin jikinsu ya koɗe, kwantenar da Dogo ke aiki a ciki tana nan da warinta na roba. Ya karɓi tankin bai tambayi na wane ne ba, domin ya san kowane ƙwarzane da ke jikinsa, wasu ma shi ya jawo su. Ya sa nasa ruwan sabulun, ya haska wuyan da tocila, ya juya gindin ya karanta watan haihuwa.

“Ƙanwata, zoben roba ne a cikin wuyan, ya bushe ya tsage. Canza shi ba wani abu ba ne. Amma sai an sauke iskar duka, tas, kafin a buɗe. Ba a buɗe kan tanki da iska a ciki, sai in mutum ya gaji da fuskarsa.”

“Babu yadda za a gyara shi yana cike?”

“Babu. Kuma ko an gyara, ga tsatsa ta fara cin wuyan, lokacin da ya kamata a gwada ƙarfinsa ma ya wuce tuntuni. Ni ba zan sake cika shi ba, duk wanda ya yarda ya cika miki shi kuma ba masoyinki ba ne. Bari in sauke shi yanzu ki huta.”

Ta jawo tawul ɗin zuwa ƙirjinta. “Yaya Dogo, ni ba tankin nake so ba. Iskar nake so.”

Dogo ya zauna a kan wani kifaffen bokiti. Ya gane, bai kuma yi mata wa'azi ba. Can ya ce, “Ni ma har yau ban goge lambar Yayanki daga wayata ba.” Auta ta yi tunanin a juye iskar a wani tankin, sai ta tuna Umma ta san agogon nan kamar yadda ta san fuskar ɗanta. Inda jinya ta tsaya ke nan. In an gyara shi, iskar Yaya ta tafi a lokaci guda, in an bar shi ta tafi a hankali, kuma ko ta wace hanya aka bi, akwai safiyar da Umma za ta ɗaga dunduniya ta tarar da allura a kwance. A motar komawa gida jakar tana kan cinyarta tana ta kira, har wani dattijo da ke gabanta ya waiwayo ya ce, “'Yata, da ni kike?”

Makonnin da suka biyo baya Auta ta zama mai ɓoye wa dangi halin da mara lafiya yake ciki, abin da ta tsana a wurin aiki. Ta riƙa kunna rediyo tun da safe, ta bar shi yana ta surutu don ya danne kiran. Ta ninke kwali ta cusa a ƙarƙashin tankin ta yadda agogon zai karkata, gajera irin Umma in ta kalla daga ƙasa ta ga allurar sama da inda take. Umma ta ci gaba da gogewa da karantawa, sai dai ta daina faɗin labarin da ta samu. Auta ta rame. Tana tsaka da ɗaura wa mara lafiya ruwa sai ta ji tsss, ta waiwaya a firgice, ashe tukunyar iskar numfashi ce a gadon kusa. Tsoronta ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye wa kanta shi ba, gani take ranar da allurar ta kwanta Umma za ta bi ta.

Da allura ta sauko ƙasa da rabi, kwali ya daina isa. Wata rana da la'asar Umma ta shiga maƙwabta, Auta ta durƙusa ta jawo famfon hannu daga ƙarƙashin gadon Yaya. Ta san Dogo ya hana. Ta ce wa kanta kaɗan za ta ƙara, gwargwadon abin da zai kai su wani watan. Mariƙin famfon yana naɗe da baƙin salatif na masu wayarin, ya lotsa daidai inda tafukan Yaya suke zama, nata hannun bai cike gurbin ba. Ta haɗa tiyo, ta taka gindin, ta ɗaga mariƙin sama.

“Ajiye, Auta.”

Umma ce a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Babu faɗa a muryarta.

“Umma, ƙura nake...”

“Iskar ranar da ya tafi ce a cikinsa. Ta yau ba tasa ba ce, kar ki gauraya min.”

Auta ta saki mariƙin. “Tun yaushe kika sani?”

“Ranar da kika amsa masa kina guga, ni ma na amsa daga ɗaki. Kwalin nan naki ma in ya zame ni nake gyara masa zama. Na ga kina ta wahala, na ce bari in ƙyale ki, wataƙila ke ce ba ki shirya ba.” Ta ƙaraso ta zauna a bakin kujera, ta kalli tankin ba ta goge shi ba. “Na daɗe ina saurarensa. Mai dawowa ba ya kiran mutum a hankali haka, Auta. Sallama ce.”

Auta ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kukan da ta yi shekara da shekaru tana ajiyewa. Umma ta bari sai da ta gama, sannan ta tambaye ta me Yaya ya ce a yi da iskar, ko da yake tana wurin lokacin da ya faɗa. Auta ta ce ya ce su ƙarar da ita tare.

“To, gobe ki ɗauko bindigar. Ba zan zauna ina kallo tana tsiyayewa kamar bokiti mai yoyo ba.”

Washegari da hantsi suka fito tsakar gida. Ƙwallayen fentin sun tsufa a leda, yawancinsu sun kumbura sun manne da juna, 'yan kaɗan Auta ta tsinto masu kyau. Ta murɗa Malam Shiru a bayan bindiga, bindigar ta ja iska ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta daɗe ba ta ga mijinta ba. Dokar Yaya ce ba a harbi fuska a buɗe, don haka Auta ta sa nata abin rufe fuskar, ta miƙa wa Umma nasa. Umma ta ɗora shi a kan ɗankwali, ta tsaya cik na ɗan lokaci tana numfashi a cikin abin da ya sha numfashin ɗanta. Bindigar ta yi mata nauyi, sai Auta ta tallafe tankin ta ƙasa, suka fuskanci bangon baya inda ake shanya.

Ƙwallon farko bai fashe ba, ya daki bango ya gangaro har gaban ƙafar Umma. Na biyu ya fashe, rawaya, ya zubo a bango. Umma ta ci gaba da jan kunama. Da fenti ya ƙare ba ta tsaya ba, iska zalla ke fita, fat, fat, fat, har tantabarun maƙwabta suka tashi. Can muryar ta fara raguwa, ta koma faf, faf, sannan bindigar ta yi wani ɓari, frrr, kamar mai shaƙuwa. Tankin ya yi ta yin sanyi a tafukan Auta, irin sanyin da ta sani a wurin aiki, wanda in ya zo ba a sake kiran likita. Umma ta sake jan kunama, ƙarfe kawai ya amsa. Allura ta kwanta.

Umma ta cire abin rufe fuskar, gilashinsa ya yi raɓa daga ciki. Ta kama gefen mayafi ta goge agogon kamar kullum, ta duba da kyau. “Allah ya jiƙan...” ta ce, ba ta ƙarasa ba. Auta ta ce amin. Suka tsaya a rana har fentin ya fara bushewa, sannan Umma ta ce, “A sanar da mutane.”

Marigayin ya rasu ya bar mata guda, bindigar fenti, wadda yanzu take rataye a ƙusa ba mai ba ta numfashi. Ya bar abin rufe fuska biyu, da famfon hannu wanda ya ba shi abincinsa na ƙarshe, da leda guda ta marayun ƙwallaye da ba su da sauran amfani. Ya bar Dogo, wanda aka yi alkawarin za a ƙarar da iskar a ƙirjinsa, kuma da aka gaya masa bango aka ba, ya ce da an kira shi da ya zo ya tsaya. Ya bar Kawu, wanda har yanzu yake cewa da an bar shi ya sa gam da ba a kai ga haka ba. Ya bar uwa da ta daina ɗaga dunduniya da safe, da ƙanwa da ta kashe rediyo.

Akwai abu ɗaya da Auta ta ce a saka a sanarwar nan, ko da za a ce gajiya ce ta yi mata yawa. Jiya da azahar aka sake ɗauke wuta tana ninke kaya a falo. Tankin yana saman kabad, fanko, ita da kanta ta gwada shi da ruwan sabulu babu ko kumfa ɗaya. Gidan ya yi tsit, sai aka ce tsss daga bayanta, sau ɗaya, gajere, irin na mai numfashi. Ta tuna abin da kiran yake nufi a filin wasa. Ba ta waiwaya ba, ta ci gaba da ninkin kayanta.

Za a yi jana'izar ranar Asabar da hantsi. Dogo zai zo da injin huda ya huda masa gefe, kamar yadda ake yi wa duk tankin da aka yanke wa hukunci, don kada wani ya tsince shi wata rana ya cika. Umma ta ƙi a ba masu sayen tsohon ƙarfe, saboda haka za a haƙa masa a gindin bangon baya, ƙarƙashin rawayan fentin, wanda ba za a wanke ba. Auta ta so ta cire agogon ta ajiye, Umma ta ce a bar masa abinsa, ita ta gama karatu. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo sabon tanki, kada kuma su kawo labarin wanda ya ga wani a wata mota.

Bayan an rufe shi za a zauna karɓar gaisuwa a falo. An aro kujeru da yawa, fiye da abin da tanki zai buƙata, an kuma aika wa dangi na nesa. Maƙwabciyar nan da aka taɓa rakawa ƙofa, Umma da ƙafarta ta je ta ce mata ta zo, yanzu an samu gidan. Duk wanda ya shigo ta'aziyya, in bakinsa ya suɓuce ya ambaci wani suna ba na Malam Shiru ba, kada ya ji kunya, kada kuma ya gyara. Umma ta ce za ta amsa.